Mako Uku Ina Dakta

Ko rantsuwa na yi maka sau goma ba za ka yarda ba, amma ni ɗin nan da na gudu daga kwaleji tun shekarar farko, na koyar da darasin gwamnati mako uku cur, har ana tafa mini.

Aikina a kwalejin gyaran fanka da majigi. Kawuna ne ya samo mini bayan an kore ni a wuri uku saboda tsokana. Ya ce wannan ne na ƙarshe, in na ɓata shi kar in ƙara nuna na san shi ko a hanya.

Ranar da aka koma karatu na ari kwat ɗin mijin yayata, don an ce za a ɗauki ma'aikata hoton katin aiki. Aka tura ni aji na bakwai in duba majigi. Ina shiga surutu ya ɗauke ɗif, sababbin ɗalibai sittin da wani abu suka gyara zama. Ashe sabon Dakta ake jira, mai darasin Gwamnati da Gwagwarmayar Jama'a, kuma babu wanda ya san kamannin Daktan.

Na so in ce ni mai gyara ne, wallahi na so. Sai na ji bakina ya ce kowa ya fito da littafi.

Na juya wajen allo, babu abin rubutu. Wata dattijuwa a kujerar ƙarshe, irin waɗanda ke dawowa karatu bayan sun aurar da 'ya'ya, ta buɗe jaka ta miƙo mini alƙalamin allo. Na ce Allah ya yi albarka, Inna, na jefa shi aljihu bayan darasi.

Me na koyar? Abin da na sani. Na ce gwamnati kamar fankar ajin nan ce: tana sama, tana juyi, tana ƙara, iskar dai ba ta kai wa na baya. Aji ya fashe da dariya. Inna ba ta yi ba, rubutu kawai take.

Na ɗauka washegari Daktan gaske zai bayyana in sulale. Shiru. Laraba ma shiru. Na ce to, mulki ya faɗo hannuna, ni kuma ba na mayar da kyauta. Na hana zuwa a makare. Na naɗa wakilin aji ba tare da zaɓe ba, wani dogo mai yawan ce mini ranka ya daɗe. Wanda ya yi hamma ya tsaya a tsaye. Kowa ya bi.

Inna kullum ta riga kowa zuwa, ƙofa a buɗe, tana zaune. Ta san sunan kowane ɗalibi tun mako na farko, ni ko biyar ban riƙe ba. Na riƙa zolayarta cewa da wannan himmar, nan da shekara ashirin za ta zama wani abu.

A mako na uku kaina ya gama kumbura, na shiga babin gwagwarmaya. Na koya musu yadda ake kafa kwamiti, yadda ake tara sa hannu, yadda ake zaman dirshan a bakin ofis ba a fasa ko kofi ba. Na buga tebur na ce duk wanda ya tsaya gabanku yana ba da umarni, ku tambaye shi wa ya ɗora shi.

Inna ta ɗaga hannu a karon farko.

"Har da kai, Malam?"

Na yi dariya, amma ni kaɗai na yi.

Kwana biyu tsakani suka kafa kwamiti. Dogon da na naɗa da hannuna shi ne shugaba. Suka tara sa hannu sittin da uku, suka yi zaman dirshan a ƙofar shugaban sashe suna neman a nuna musu takarduna. Ko kofi ba su fasa ba. Na koyar da kyau, wannan kam ba a ƙwace mini.

Da aka kira ni ofis na tarar da Kawu a tsaye, ya ƙura wa bango ido kamar bai taɓa ganina ba. Na durƙusa da kwat ɗin mutane. Shugaban sashe ya ce hukuncin ba nasa ba ne, daga wurin mai darasin ya fito, kuma tun ranar farko aka san da ni, aka ce a ƙyale ni a ga kwana nawa aji zai yi kafin ya tambaya. Ba za a kore ni ba. Amma zan zauna ajin a matsayin ɗalibi har ƙarshen zango, in rubuta jarrabawar da na guje wa shekara tara. In na faɗi, aikin ya tafi.

Ranar Litinin na shiga da riga ta gyaran fanka. Aka yi mini tafi, irin wanda ba a so. Kujera ɗaya ce babu kowa, ta ƙarshe, ta Inna. Na zauna ina cewa a raina tsohuwa ta haɗa wuta ta gudu, duk ranar da ta dawo za ta ji daga bakina. A nan na gane da gaske iskar ba ta kai wa na baya.

Ƙarfe tara daidai ta shigo da jakarta. Na fara tattara littafina in ba ta wuri. Ba ta ko nufo ni ba. Ta wuce gaban aji, ta ajiye jakar a kan tebur, ta leƙo ni ta saman tabarau ta miƙo hannu.

"Ɗalibin baya, kawo mini alƙalamina in fara darasina."