Mai Tuwon Bakin Kogi

Ajuma tana sayar da tuwo a bakin kogi a Gaya, inda kamiyon gujiya, manyan motocin kaya, ke jiran jirgin fito. Lokacin ba a yi gada ba. Kullum tana ciyar da mutum hamsin, ita kuwa ba ta ci.

Abin ya soma ne a kwalekwale. Matuƙin ya dube ta ya ce, "Koma tsakiya, baiwar Allah, kar ki kifar da mu." Aka yi dariya. Daga ranar ta rage loma, ta ƙara ragewa.

Yayarta Zalika takan kira ta, "Ke Ajuma, taho mu sa hannu."

"Yaya, ɗanɗanon miya ya ƙosar da ni."

Wa zai zaci mai tuwo na kwana da yunwa? In an matsa mata sai ta ci, ta zaga bayan zana, ta sa yatsa a maƙogwaro.

"Kin rame fa," in ji Zalika.

"Ina? Dubi damtsena." Da gaske take. Ƙiba take gani.

Gashinta ya dinga zuba. Ana tsakiyar bazara tana jin sanyi. Da jinin wata ya ɗauke mata, Zalika ta yi guɗa, wai ciki ne. Yakuba, mijin Ajuma, ya ce iskar kogi ce, ya samo turare.

Wata safiya ta faɗi, muciya a hannu. A gidan likita aka tarar zane uku ta naɗa a ƙugu. Ƙarƙashinsu ƙashi ne da fata.

Lokotoro ya tambayi Yakuba, "Malam, yaushe rabonka da ganin ta ci abinci?"

Yakuba ya yi tunani. Shi a zaure yake ci da maza, kamar kowa.

"Shekararmu tara da aure," ya ce. "Ban taɓa gani ba."

Zuciyarta ta tsaya kafin la'asar. Aka rufe ta. Washegari direbobi suka koma wurin wata mai tuwo.

Jama'a, ƙin abinci da amayar da shi da gangan ciwo ne, ba iska ba, ba iyayi ba. Mai shi yana ɓoyewa, kuma yana kisa. Kada "na ƙoshi" ta ishe ku. Ku zauna ku ci da naku, wanda kuka ga yana ramewa ku kai shi likita tun yana iya tafiya da ƙafarsa.