Ƙarfen Ɗaukar Kekuna

Shekarun da kuɗin mai ya kawo Baba karatu London, a Barking muke zaune. Yayana Habibu ne ya matsa masa ya yi odar ƙarfen da ake ɗaura wa mota a baya, don a riƙa ɗora kekunanmu a kai mu bakin teku. Ƙarfen bai iso ba sai bayan an binne Habibu.

Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, Baba ya shimfiɗa kwali a gefen titi, ya shige ƙarƙashin motar da farar rigarsa. Ina tsugune, ƙafafunsa kawai nake gani.

Habibu ɗan fari ne, don haka kunya ba ta taɓa barin Baba ya kama sunansa ba. "Yaron nan" yake cewa, har a asibiti.

Can sai hannunsa ya fito, duk giris.

"Habibu, miƙo min sifana."

Na miƙa masa. Ya ɗaure notin tamau, ya fito, ya ɗora kekunan duka biyu.

Har Baba ya rasu ban sake jin sunan a bakinsa ba. In aka tambaye ni abin da na ji a yammacin nan, sanyin sifanar kawai nake iya tunawa.