Keken da Ya Amsa Sunansa na Gida

Alhaji Sambo, tun da ka ce duk wanda zai taimake ka yana nesa, bari in ba ka misali.

Wani mai aikin surfani yana da keken ɗinki na zamani mai karɓar zane daga kwamfuta, ya raɗa masa suna Gimbiya. Kullum ta intanet yake tura masa zane, abin ya zaga duniya ya dawo, alhali kamu biyu ne tsakanin keken da kwamfutar. Ran nan ya ɗauki alkawarin babbar rigar maigidansa, tsohon da ya koya masa riƙon allura, wanda yanzu idonsa ya yi rauni. Da ita zai ɗaura auren autansa washegari. Sai sabis ya ɗauke a garin gaba ɗaya. Bawan Allah ya rungumi kwamfuta yana yawo kwararo-kwararo, har kan tudun makabarta ya hau yana ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa. Ya dawo gumi sharkaf, kunya ta ishe shi tun kafin ya je gaban tsohon.

Maƙwabciyarsa, mai haɗa wa ofisoshi na'urori, ta leƙo ta ga halin da yake ciki. Ta ɗauko igiyar waya guda ta haɗa kwamfutar da keken, ta ce masa na'ura in ta rasa mai ba ta adireshi, da kanta take yanka wa kanta na cikin gida. Ya kwafi dogon adireshin lambobin da keken ya nuna ya zuba a burauza, manhajar buɗe shafuka, burauzar ta yi ƙememe ta ƙi. Matar ta yi dariya ta ce, "Malam, a gida wa ke kiran mutum da lamba? Kira keken da sunansa." Ya rubuta gimbiya.local, sai ga shafin keken ya buɗe. Ta ja masa kunne cewa sunan nan iyakarsa wannan igiyar, in ya fita waje ba mai amsawa. Kafin la'asar allura ta gama zagaye wuyan riga. Tsohon ya shafa aikin da yatsunsa, ya daɗe yana sa albarka, mai surfani kuwa ya koma yana yi wa maƙwabciyarsa godiya har da hawaye.

Ni dai ina gode wa Allah da bai sa komai a nesa ba. Ka duba kusa da kai tukuna, Alhaji. Hausawa suka ce, ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.