Maɓallin Sulhu

Tun da aka mayar da rabon ruwan noman rani wasan gem na kwamfuta, wanda ya ci faɗa shi ke ban ruwa. Ranar nan aka haɗa Dije da kawunta Ɗanjuma, ta kuwa shigo da zafinta. Ya kawo sara ta kare, ya ja baya ta bi shi da mashi. Jarumin da yake wasa da shi ya durƙusa a allo, dandali ya kaure da ihu.

"Ƙarasa shi!"

Dije tana dariya ta kai yatsa maɓallin sulhu, don su raba ruwan. Sai ta ji rami a gurbinsa.

"An cire shi bara," in ji alƙalin wasa. "Ba mai dannawa."

Kawu ya gyara hularsa. "Sara, 'yata. Tumatirinki ma ƙishirwa yake ji."