Jan Awarwaro

Tun da aka kafa dokar, duk ɗalibin digiri na biyu a aikin ba masu damuwa shawara yana ɗaura awarwaro mai sauraren zuciya. Zuciyarka ta motsa, ka faɗi jarrabawa.

Ranar jarrabawar ƙarshe aka haɗa Rakiya da wata tsohuwa da ɗanta ya rasu.

"Yau ma na zuba masa tuwo, 'yata. Mantawa nake yi."

Rakiya ta riƙe hannunta. Awarwaron ya yi ja.

"Kin faɗi," in ji malaminta, Dakta Tanimu. "Ni lafiya lau na ci tawa."

Rakiya ta miƙe.

"Na sani, Malam. Ai na ga idanunka a bushe ranar jana'izar matarka."