Ruwan Rafin Kuza

"Mama, kada ku ƙara shan ruwan nan," in ji malamar jami'a, tana riƙe da takardar gwaji. "Dafin da kamfanin kuza ke wankowa rafi ya kai har rijiyoyinku, kuma tafasawa ba ta kashe shi. Ku tashi daga ƙauyen."

Tsohuwar ta gyara goyon jikarta. Ita ce ta taka har Kafanchan a daminar 1992 ta roƙo mutanen nan biyu, malamar da wani lauya, ba gwamnati ta aiko su ba, ba kamfani ba. Ita ta zaga da su rafin, ita ta nuna musu kabarin ɗanta.

Lauyan ya yi gyaran murya. "Mama, da wannan takarda za mu ci shari'a. Amma in kuka tashi, kamfanin zai ce da kanku kuka bar ƙasar, ya haƙe har gonarki ta citta. Ku daure."

"Har yaushe, ɗana?"

"An ɗaga shari'ar sai bayan Ista."

Ko Kirsimeti ba a yi ba. Ta dubi malamar, ta dubi lauyan. Dukansu nata ne, dukansu gaskiya suka faɗa. Famfo mafi kusa yana Gidan Waya, tafiyar yini guda, ga gwiwa ta ƙi.

Da suka tafi ta shiga gida. Jikar ta farka, jikinta zafi rau.

"Kaka, ruwa."

Da jiya ne, da tuni ta ba ta. Yau ta ɗebo a randa, ta tsaya da moɗa a hannu, yarinyar tana miƙo baki.