Tabar da Ilu Ya Bari ta Mutu da Kanta

Ilu Bakano ne mai sarin wandunan jins a Xintang, garin maɗinka da ke gefen Guangzhou a ƙasar Sin. Yana da ɗakin ajiya a ƙasan wani bene, cike da diloli har rufi, da ɗan lungu a can ciki inda ya shimfiɗa katifa. A Kano bai taɓa kai taba bakinsa ba. A nan ya koya, kuma a wurin manya ya koya.

Mai masana'antar da ke yi masa ɗinki, wanda kowa ke kira loban, wato maigida, yana da ɗakin baƙi mai sanyi. A can yakan buɗe wani akwatin katako ya fito da taba mai kaurin babban yatsa, naɗin hannu, ganye zalla babu takarda. Ya nuna wa Ilu yadda ake yanke kanta, da yadda ake gasa bakinta kafin a zuƙa, da abin shan da ya dace da kowace iri. Shi loban da giya yake haɗa tasa. Da Ilu ya ce addininsa ya hana, sai aka zaɓa masa baƙin shayi mai ɗaci, aka ce shi ke fito da ƙamshin ganyen. Ilu ya ɗauka tun da ya tsallake giya, babu sauran abin tsoro a zaman.

Ran nan ya kai hannu zai murje guntun da ya rage, loban ya riƙe shi yana dariya. Ta bakin tafinta ya ce wannan aikin 'yan dako ne. Babban mutum ba ya kashe irin wannan taba, ajiye ta yake yi ta mutu da kanta. Ilu ya ji kunya, ya riƙe maganar gam. Abin da bai lura da shi ba shi ne, a can kan faifan dutse ake ajiye ta.

Ana nan sai yayansa Alhasan ya zo daga Kano ganin kaya. Dattijo ne mai ciwon gwiwa, sai da sanda yake tafiya. Da ya ga abin a bakin ƙanensa ya ce, "Ilu, mun turo ka saro wando, ashe hura murhu ka koma yi da baki?"

Ilu ya ce, "Yaya, wannan ba sigarin 'yan tasha ba ce. Ko hayaƙin ba a haɗiyewa."

Alhasan ya ce shi dai abin da idonsa ya gani wuta ce a cikin auduga.

Wata rana bayan azahar, Alhasan ya shiga lungu ya kishingiɗa. Ilu na zaune da shayinsa da tabarsa, sai ejan ɗinsa ya kira daga Baiyun, can cikin Guangzhou, ya ce ya zo maza, an tsayar da kayansa a wurin awo. Ya ɗora tabar a gefen kwali kusa da kofin shayi, ya fita. Ya jawo ƙofar ƙarfe ya sa kwaɗo ta waje, don kada a dami Yaya da yaren da ba ya ji.

Motar hayar da ya shiga ta yi nisa a babbar hanya kafin ya shafa gemu ya ji warin ganyen a yatsunsa. Ya ce a ransa ai da kanta take mutuwa. Sai ya tuna ya bar fanka tana juyawa. Ya tuna burbushin zaren da ke kwance ko'ina a ƙasa kamar gashi. Ya taɓa aljihu ya ji mabuɗi, wanda babu na biyunsa.

Ya kira yayansa. Waya ta yi ta ringi babu amsa, domin tana jone da wuta a kan tebur. Ya kira Tankari, mutumin Maraɗi da ke maƙwabtaka da shi. Kafin ya yi sallama Tankari ya ce, "Ilu, kana ina? Hayaƙi na fita ta ƙarƙashin ƙofarka. Akwai mutum ciki?"

Ilu ya roƙi direba ya juya, direba ya nuna masa shingen tsakiyar hanya, babu juyawa sai gaba. Bai sauke wayar daga kunne ba. Yana jin hayaniyar mutane suna dukan kwaɗo da guduma. A ƙarƙashin hayaniyar yana jin wani bugu daban, a hankali, na sanda a jikin ƙarfe daga ciki. Ya yi ta kiran "Yaya" a wayar da ba ta kai wa Yaya. Can bugun ya rage. Daga baya ya tsaya.

Ko da ya iso, 'yan kwana-kwana sun yanke ƙofar. Wuta ba ta taɓa jikin Alhasan ba, hayaƙi ne ya gama da shi. A bayan ƙofa aka same shi, sandarsa na hannunsa.

An binne shi a ƙasar da ya zo yin kwanaki kaɗan a cikinta. Da Ilu ya kira Saude, matar marigayin, ta yi salati, ta ce Allah ya ba su haƙuri baki ɗaya. Sa'an nan ta tambaya cikin sanyin murya, "Me ya kawo wutar, ƙanena?"

Ya ku masu karatu, tsadar taba ba ta hana ta zama wuta. Kada son a kira ku manya ya sa ku ɗauki ɗabi'ar da ba ku san haɗarinta ba, kuma kada ku kulle ƙofa ta waje alhali akwai rai a ciki.